Fiton Keke Mai Lamba Bakwai

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ɗinkin Hajiya ya san Auta, ko da bai taɓa jin muryarta ba. Ita ce matar nan mai doguwar riga ruwan toka da za ka tarar a durƙushe gindin wani keke, kunne manne da ƙarfe, ido a rufe, kai ka ce gulma keken yake yi mata. Shekarunta talatin da huɗu, amma sunan Auta bai sake ta ba. Da shi ta yi rarrafe a shagon mahaifinta, da shi kuma ta zo nan neman aiki. Kekunan ɗinki ashirin da biyu ne a ɗakin, duk na lantarki, suna ɗinka kayan makaranta da rigunan ma'aikatan asibiti tun safe har la'asar, kuma lafiyarsu duka a wuyanta take.

Sana'ar gado ce. Mahaifinta makanikin kekunan ɗinki ne, ya haifi maza uku, amma babu wanda ya iya zama ya saurari ƙarfe na minti biyar. Sai ita, yarinyar da ba ta kallon mutum cikin ido, ba ta son a taɓa ta ba zato, in an saya mata sabuwar riga kuma sai ta juya ta baibai don ɗinkin ciki yana cizonta. A gida ana ce mata miskila, a makaranta ana cewa taurin kai ne. Shi kuwa Baba, mahaifin nata, sai ya jawo mata kujera kusa da tasa ya miƙa mata sukudireba. Sai da ta kai shekara talatin, bayan rasuwarsa, wata likita da ta je gani kan ciwon kai ta zauna da ita har sau uku, sannan ta ce mata abin yana da suna, otizim ake ce masa. Ta ce ba ciwo ne da ake sha wa magani ba, haka ƙwaƙwalwarta take karɓar duniya. Auta ta rubuta sunan a takarda, ta ninke ta sa a murfin akwatin kayan aikinta. Ta ji daɗi ƙwarai, don a wurin makaniki, abin da aka san sunansa an yi rabin gyaransa.

Abu biyu Baba ya bar mata bayan akwatin. Na farko shi ne alli. Yakan ce, "Ƙarar da take tafiya ta dawo tana da gida, Auta. Kada ki bi ta da gudu. Ki ɗiga alli a jikin wili, ki juya a hankali, ki ga inda allin yake duk sa'ad da ta fito." Na biyu shi ne salatif na takarda. Duk keken da aka taɓa, sai a manna masa guntun salatif a ƙarƙashin tebur, a rubuta ranar da abin da aka yi masa. Auta ba ta taɓa tsallake wannan ba ko sau ɗaya. Za ta iya manta cin abincin rana, amma ba ta manta salatif.

Akwai kuma abu na uku da ba Baba ne ya ba ta ba, ita ma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tun tana 'yar shekara goma sha uku ta lura duniya tana da wasu kwanaki da take ɗaga murya. Cokali ya bugi faranti ya zama guduma, turaren maƙwabciya ya shaƙe ta, haske ya riƙa sukar ido. Sai ta ɗauka kamar zafin rana ne, kowa na jinsa, sauran mutane dai sun fi ta jarumta. Shi ya sa takan cije, ta toshe kunne da auduga, ta jira ya wuce.

To, rikicin da nake son ba ku labari ya fara ne da keke mai lamba bakwai. Mai ɗinki a kansa wata mata ce mai jiki, uwar 'ya'ya biyar, ana ce mata Rediyo don har yau ba a gano inda ake kashe ta ba. Wata safiya Auta tana wucewa ta bayanta sai ta ji wani fito siriri, tsiii, kamar an zura mata allura a kunne. Ta tsaya cak.

"Anti, kekenki yana fito."

"Fito kuma? Sai dai in waƙata yake taya ni," in ji Rediyo, ƙafarta ba ta ko sassauta ba.

Auta ba ta tsaya gardama ba. Ta cusa auduga a kunne, ta kashe keken, ta kwance kansa daga tebur ta rungume shi sai ɗakin baya, inda teburin gyaranta yake. Ta rufe ƙofa. Kwana uku tana kansa. Ta warware shi sukuru bayan sukuru, ta wanke, ta sa mai, ta sake bel ɗin da bai ce a sake shi ba. A ɗakin baya keken lafiya lau yake tafiya, ko tari babu. A rana ta huɗu ta mayar da shi, ta kasa kunne, fito ya tafi. Ta manna salatif tana jin kanta 'yar Baba ta gaske. Ita kuwa Rediyo, kwanakin nan uku a kan wani tsohon keken ajiya ta yi su, mai tsinke zare kamar da gayya, tana ɗinki tana tsine masa.

Bayan 'yan makonni fito ya dawo. Auta ta sake ɗauke keken, ta sake kwana uku, ta dawo da shi tsit. Da abin ya faru karo na uku, ana tsakiyar gaggawar kayan wata makaranta, Hajiya ta kira ta ofis. Hajiya mace ce da ta fara da keke ɗaya a zauren gidan haya, ba ta da mugunta, amma ba ta da lokacin wasa.

"Auta, zauna. Me ke damun lamba bakwai?"

"Fito yake yi, ranki ya daɗe."

"Wa ya ji?"

"Ni."

"Da kika buɗe, me kika samu?"

"Ban samu komai ba."

Da wata ce, da ta cusa 'yar ƙarya a nan, ta ce wani noti ne ya kwance. Auta ba ta iya wannan ba, bakinta ba ya lanƙwasuwa ta can. Hajiya ta cire tabarau ta murza ido.

"Don darajar mahaifinki na ɗauke ki, don aikinki kuma na riƙe ki. Amma kwana tara kin zaunar mini da keke mai lafiya. In kika ƙara kwance shi ba ki nuna mini abin da ya lalace a tafin hannunki ba, zan nemi wani makanikin. Kin ji ni?"

"Na ji, ranki ya daɗe."

Ta ji, kuma ta tsorata matuƙa. Ɗakin nan shi ne kaɗai wurin da aka bar ta yadda take. An san ba ta son a dafa ta, an san teburinta ba a motsa masa ko allura. Shekara shida ta yi tana koyon muryar kowane keke. In ta bar nan, sai ta koma wani wuri ta fara bayanin kanta daga farko, kuma bayanin kai shi ne aikin da ya fi ƙarfinta a duniya.

Amma tsoro bai kai son sani ƙarfi a zuciyar Auta ba. Da aka tashi aiki ta rarrafa ƙarƙashin teburin lamba bakwai ta karanta salatif ɗinta uku. Tsakanin na farko da na biyu kwana ashirin da tara. Tsakanin na biyu da na uku, ashirin da takwas. Ta zauna daɓas a ƙasa. Ƙarar nan tana tafiya tana dawowa, ke nan tana da gida. To amma wane wili ne a cikin keken ɗinki yake ɗaukar kusan wata guda kafin ya zagayo? Babu shi. Ta san cikin keken nan fiye da yadda ta san fuskar yayyenta.

Sai ta shiga bincike, kuma ta ba mutane dariya ba kaɗan ba. Ta tambayi mai kawo man keke ko yana sauya mai duk wata, ya rantse bai taɓa ba. Ta tambayi mai kula da janareta ko akwai ranar da wuta take ƙara ƙarfi, ya dube ta sheƙeƙe. Ta duba ko yadin da ake ɗinkawa ne, ta tarar sau ɗaya kakin makaranta ne, sau biyu farin yadin asibiti. Har tambayar Rediyo ta yi ko akwai kwanakin da take taka keken da fushi.

"Kullum da fushi nake taka shi, 'ya'ya biyar wasa ne?" in ji Rediyo. Suna zaune ne a ɗakin baya lokacin hutun rana, ita tana ci tana magana, Auta tana jera allurai. "Ni dai ban san abin da ke tsakaninki da kekena ba. Kuma duk ran da kika dawo mini da shi, ranar kike zuwa kina raɓe-raɓe, wai Anti ara mini audugar mata. Aro fa, kamar za ki dawo da ita! Har na fara ajiye miki taki a jaka."

Hannun Auta ya tsaya a kan allurai.

"Sau nawa na yi haka, Anti?"

"Sau ukun duka mana. Ke da kike rubuta ranar da kika ɗiga wa ƙarfe mai, ba ki san ranar al'adarki ba?"

Ba ta sani ba. Gaskiyar magana ke nan, kuma ni kaina da na ji sai da na riƙe baki. Macen da ta san ranar da aka sauya wa keke na goma sha tara allura shekara biyu da suka wuce, kullum jinin al'adarta ba zato yake zuwar mata, kamar baƙon da bai yi sallama ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ba ta taɓa ɗaukar jikinta a matsayin abin da ake saurara ba, abin da ake haƙuri da shi ne kawai.

A ranar, da ta koma gida, ta buɗe ƙofar kabad ɗin kayanta, ta zana layi huɗu da alli a cikinta: hanci, fata, ido, kunne. Kowace yamma in ta dawo sai ta tsaya ta tambayi kanta, yau yaya? In lafiya, ɗigo ɗaya. In abin ya matsa, ɗigo uku. Makonni biyu na farko ƙofar ta cika da ɗigo ɗai-ɗai, har ta fara jin kunyar kanta. A mako na uku sai hanci ya fara. Ƙanshin man keke, wanda take so tun tana yarinya, ya soma tayar mata da zuciya. Bayan kwana biyu fata ta bi sahu, wuyan rigar da ta sa shekara uku ya zama kamar ƙaya. Sannan ido. Tana kallon ɗigon suna hawa bi da bi, maimakon ta damu sai ta ji wani irin zumuɗi, irin wanda take ji in ƙara ta fara nuna gidanta.

Ta kira likitar nan a waya ta karanto mata abin da ke jikin ƙofa. Likita ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba ita kaɗai ba ce. Ta ce mata da dama masu irin halittarta suna faɗin haka, cewa in al'ada ta kusa, ji da gani da shaƙa duk sai su ƙara kaifi har su zama azaba, ga alama saboda sauyin da jiki ke yi a kwanakin. Ta ce ba kowace mace ce iri ɗaya ba, kuma masu bincike ba su gama gano kansa ba, don haka ta ci gaba da ɗigonta, ta zo da shi in za ta zo.

Saura kunne. Bisa lissafin kwanakin salatif, jibi zai buɗe. In fiton ya dawo, hannunta zai yi ƙaiƙayin sukudireba, in kuma ta kwance keken aikinta ya tafi. Sai ta roƙi Rediyo, wadda makullin ɗakin yake hannunta, su zo da sassafe kafin kowa.

"Ni da ko miji bai isa ya fito da ni da sassafe ba," in ji Rediyo. Amma ta zo.

Suka shiga ɗakin shiru, kekuna ashirin da biyu a lulluɓe, hasken safiya yana shigowa ta tagogi har ba su ga dalilin kunna fitila ba. Kunnen Auta a buɗe yake ranar, babu shakka. Tana jin ƙarar makullan Rediyo har cikin haƙoranta. Ta ɗiga alli a wilin lamba bakwai ta ce, "Taka, Anti. A hankali." Rediyo ta taka. Auta ta manna kunne. "Da sauri." Rediyo ta taka da sauri. Keken yana tafiya sumul, babu fito ko kaɗan.

Auta ta miƙe jikinta a sanyaye. Ta zo ne da shirin kama ɓarawo, sai ta tarar babu ko sawunsa. In a ranar da kunnenta ya fi kaifi keken bai yi fito ba, ke nan fiton a cikin kanta yake, kuma makanikin da kunnensa ke yi masa ƙarya ya gama aiki. Ta sa hannu ta kashe keken da kanta.

Daidai nan Hajiya ta turo ƙofa da jakarta a kafaɗa.

"Ku kuma lafiya kuke zaune a duhu kamar masu makoki?"

Ta kai hannu bango ta danna makunnan fitilu guda huɗu a jere. Auta ta saki ƙara ta toshe kunnuwa da hannu biyu. Tsiii! Ga shi nan, shi ne, ba wani ba. Ta dubi keken, a kashe yake, wili ko motsi ba ya yi. A hankali ta ɗaga kai sama. Daidai saman lamba bakwai akwai dogon ƙwan lantarki, tsoho, bakinsa ɗaya ya yi baƙi.

"Ranki ya daɗe, ba keken ba ne. Ƙwan nan ne."

Hajiya ta kasa kunne, Rediyo ma ta yi shiru, abin da ba a taɓa gani ba. Babu wadda ta ji komai.

"Auta, kada ki mayar da ni yarinya," in ji Hajiya.

"Ki ɗaure mini ido, ki gwada ni."

Hajiya ba a kawo mata ciniki ta ƙi tayawa. Ta ɗauko kakin makaranta mai kauri ta ninka huɗu, ta miƙa wa Auta ta ɗaure da kanta, ta juya ta fuskanci bango. Sannan Hajiya ta kashe fitilun duka ta shiga wasa da makunnai. Ta danna na farko, Auta ta ce a'a. Ta danna na huɗu, a'a. Ta danna na biyu, wanda yake layin lamba bakwai, Auta ta ƙanƙame kafaɗu ta ce, "Shi ne." Hajiya ta yi dabara, ta danna biyu lokaci guda, ta ƙwanƙwasa bango da zobe don ta ruɗe ta. Sau goma sha ɗaya aka yi, Auta ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

"Ikon Allah," in ji Rediyo. "Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Wata uku ana yi wa kekena fiɗa, ashe mai laifin yana sama yana kallonmu!"

Auta ta kwance ƙyallen. Yanzu ne aiki mai wuya ya zo, don dole ta yi bayanin kanta. Ta dubi gefen teburin Rediyo ta fara, tiryan-tiryan kamar mai karanta salatif. Ta ce ƙwan kullum yana fito, amma ita ba ta jinsa sai kwana uku ko huɗu kafin al'adarta. In ta ji sai ta zargi keken, don shi ne a ƙarƙashinsa, kuma makaniki ƙarfe mai motsi yake tuhuma. Sai ta toshe kunne ta gudu da keken ɗakin baya, inda babu ƙwan. Kafin ta gama kwancewa da ɗaurawa jini ya zo, kunnenta ya sauka, sai ta dawo ta ji shiru ta ce ta gyara.

"Ban taɓa gyara shi ba, ranki ya daɗe. Ba abin da ya same shi. Kwana taran nan laifina ne."

Hajiya ta ajiye jaka ta jawo kujerar ɗinki ta zauna.

"Tun yaushe kike jin duniya haka?"

"Tun ina shekara goma sha uku."

"Duk wata?"

"Ban san duk wata ba ne sai yanzu. Na ɗauka kowa haka yake ji, ni ce raguwa."

Rediyo ta kai gefen mayafi ido. Hajiya ta yi gyaran murya ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma kada wanda ya ɗauka ta yi laushi. Ta ce yau za a sauke ƙwan nan. Ta ce daga yanzu Auta ta riƙa faɗa mata kwanakin tun kafin su zo, a tara mata aikin tebur ta yi shi a ɗakin baya da ƙofa a rufe. In kuma ta ƙara jin wata ƙara, kafin ta taɓa sukudireba ta fara kashe fitila.

"Kuma ki ba Rediyo haƙuri, ita ta sha wuyar tsohon keke."

"Anti, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Ki dai fara sayen audugarki."

Sauran teloli suka fara shigowa, ana yaye lulluɓin kekuna. Kafin ƙara ta cika ɗakin, Auta ta rarrafa ƙarƙashin teburin lamba bakwai ta manna salatif na huɗu kusa da sauran ukun. Ta rubuta ranar, ta rubuta: ba a taɓa shi ba, lafiyarsa ƙalau. Sannan ta yanki wani guntun, ta ƙirga kwana ashirin da takwas a yatsunta, ta rubuta ranar da ta faɗa a kai. Ta buɗe akwatin Baba ta manna shi a cikin murfi, gefen takardar nan da ta ninke shekara huɗu da suka wuce.

Rediyo ta leƙo daga saman tebur, zare a bakinta.

"Wannan kuma na wane keken ne?"

"Ba na keke ba ne, Anti," in ji Auta. "Nawa ne."